Daga Bakolori zuwa Bagega: Tarihin Tambayar "Ina Kuɗin?" a Yammacin Zamfara

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, da zarar ya doshi Talata Mafara zai fara ganin magudanan ruwa suna ratsa gonakin shinkafa, wasu cike da ruwa, wasu kuwa yashi da ciyawa sun cinye su. Daga madatsar Bakolori ruwan yake fitowa, ƙasar da yake shayarwa kuma ta ƙananan hukumomi uku ce: Maradun, Talata Mafara da Bakura. Waɗannan ukun ne suka ba Zamfara uku daga cikin gwamnoninta biyar na farar hula tun 1999, wato Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, da Bello Matawalle daga Maradun. Yankin da ya samu irin wannan rabo na mulki da na aikin gwamnati, kamata ya yi a ce tarihinsa na neman ba'asi daga hukuma ya shahara. Bai shahara ba, amma akwai shi, kuma ya girmi kusan duk ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci da ake jin sunayensu a yau.

An fara aikin Bakolori a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmalin Najeriya har gwamnatin soja ta rasa inda za ta zuba shi. Tun kafin nan, a 1969, binciken Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a yi aiki matsakaici a kan kogin Sakkwato, a bi shi sannu a hankali. Abin da aka gina ya zarce wannan shawara nesa ba kusa ba. Kamfanin Impresit na Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, yana da hannu a nazarin da ya faɗaɗa aikin, shi ne kuma ya samu kwangilar gina shi. An kammala madatsar a 1978, tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma tsara shayar da fiye da hekta 20,000 a ƙasanta. Kuɗin aikin ya yi ta hauhawa har ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira, a zamanin da naira ta fi dalar Amurka daraja.

A takarda wannan ci gaba ne. A ƙasa kuwa, manoma sun kasu gida uku, kuma kowane gida da irin asararsa. Mutanen Maradun da ƙauyukanta, dubbai, ruwa ya cinye gidajensu da fadamarsu, aka mayar da su tudu inda ƙasa ba ta da albarkar wadda suka baro. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa, an hana su noma har damina biyu ko uku yayin da katafiloli ke baje ƙasa, aka sare itatuwan da suke amfana da su, aka shafe iyakokin da kakanni suka sani. Da aka zo mayar wa mutane gonaki, sai rikici ya tashi kan wane ne mai ina. Gida na uku su ne na can ƙasa da madatsar, waɗanda shinkafarsu da kamun kifinsu da noman raninsu suka dogara da ambaliyar da kogin ke yi kowace shekara. Madatsa ta daƙile ambaliya, su kuwa ba a ma lissafa su cikin masu asara ba.

Batun diyya shi ne ya haɗa gida na farko da na biyu. An ƙirga gidaje da itatuwa, an rubuta sunaye, an yi alkawari, sannan aka shiga jira. Koke-koken manoman su ne irin waɗanda duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofishin gwamnati ya sani: an rage wa wannan, an tsallake sunan wancan, an biya wanda ba a san shi da gona ba. Babu hanyar da manomi zai ga rajistar da aka rubuta sunansa a ciki. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ita ce mai ƙirga, ita ce mai biya, ita ce kuma mai sauraren ƙorafi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ƙara raunana matsayin manomi, domin ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta taƙaita diyya ga abin da ke kan ƙasar, ba ƙasar kanta ba.

Manoman ba su fara da tarzoma ba. Sun bi dagatai da hakimai, sun aika wakilai, sun kai kuka ga jami'an hukumar. Da mulkin farar hula ya dawo a watan Oktoban 1979, Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa ya zama gwamnan jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin, sai suka ɗauka cewa yanzu kam kukansu ya samu kunne. Daga ƙarshen shekarar suka fara tare hanyoyin da motocin kamfani ke bi, suka tsayar da aiki. Wannan shi ne makaminsu ɗaya tilo, kuma makami ne mai ci, domin duk ranar da injuna suka kwana a tsaye, asara ce ga kamfani da gwamnati. An yi musu alkawura, aka janye shinge, alkawura ba su cika ba, shinge ya dawo. A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje, Birnin Tudu na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa. Adadin mamatan da gwamnati ta amince da shi bai kai 30 ba. Masu bincike masu zaman kansu sun kawo adadin da ya haura 380.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce wurin da aikin fararen hula ya fara a wannan labari. Da babu wanda ya je ya ƙirga, da adadin gwamnati ne kaɗai zai shiga tarihi. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da 'yan jam'iyyar PRP, wadda ke mulkin Kano da Kaduna a lokacin, su ne suka ɗauki maganar. Dakta Yusufu Bala Usman ya shirya littafin Political Repression in Nigeria a 1982, inda aka tattara takardu kan danniyar Jamhuriya ta Biyu, har da abin da ya faru a Bakolori. Daga baya Björn Beckman, wanda ya koyar a Zariya, da William Adams na Ingila suka yi rubuce-rubucen da har yau su ne madogarar duk mai son sanin yadda aka tsara aikin da yadda ya juye wa mutanensa. Za a iya cewa akwai siyasa a cikin wannan ƙoƙari, tunda PRP abokiyar hamayyar NPN ce, kuma gaskiya ne. Amma a Arewacin Najeriya bin diddigin masu mulki bai taɓa rabuwa da siyasar adawa ba tun daga NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 kan koke-koken talakawa game da haraji da aikin tilas da zaluncin En'e. Abin da Bakolori bai samu ba shi ne hukunci. Ba a ɗaure kowa saboda kisan ba.

Shekaru ashirin bayan haka yankin ya sake shiga bakin duniya ta wata fuska. An ƙirƙiri jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996, sannan a Oktoban 1999 Gwamna Yarima ya ƙaddamar da Shari'a, wadda ta fara aiki a Janairun 2000. Waɗanda suka yi tururuwa zuwa Gusau a lokacin, da yawansu adalci suka je nema, suna tuna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a Kitab al-Farq, ya lissafa karɓar gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka cikin laifuffukan sarakunan da ya yaƙa. Jihar ta kafa hukumominta na Hisba da Zakka da na yaƙi da cin hanci. Sai dai hukuncin haddi na farko, a watan Maris na 2000, a Talata Mafara aka zartar da shi, a kan wani mutumin Jangebe da aka samu da satar saniya. Hukumar EFCC ta binciki tsofaffin gwamnonin jihar fiye da ɗaya, sun musanta zarge-zargen, kuma babu wanda kotu ta samu da laifi. Darasin da masu fafutuka suka ɗauka daga wannan zamani mai sauƙi ne: hukumar da gwamna ke naɗa wa shugabanni, yake kuma ba ta kuɗin aiki, da wuya ta leƙa aljihun gwamna.

Gwaji na biyu na tambayar "ina kuɗin?" ya zo ne daga kudu da Talata Mafara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da cewa yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya a wasu ƙauyuka, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutanen ƙauye suka dukufa haƙo duwatsu, suna kawo su cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Duwatsun wannan yanki cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu yaran, na'urar gwajin da aka zo da ita ta kasa karanta yawan gubar saboda ta wuce iyakar ma'auninta. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Akwai wani abu game da wannan cuta da ya mayar da ita batun kasafin kuɗi. Maganin da ake bayarwa yana kama dalmar da ke cikin jini ne ya fitar da ita ta fitsari. Idan aka yi wa yaro magani sannan ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin ya tashi a banza. Don haka dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe, an binne ta a wuri na musamman, an zuba sabuwa, kafin likita ya fara nasa aikin. Tsakanin 2010 da 2011 an yi wannan a ƙauyuka bakwai, irin su Yargalma da Dareta da Abare, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith ta Amurka. Sai ya rage Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, inda kimanin yara 1,500 ke jiran magani. MSF ta ce a shirye take, amma ba za ta fara ba sai an tsabtace garin. Zuwa lokacin taron da aka yi a Abuja a watan Mayun 2012, gwamnatin tarayya ta riga ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kuɗi bai fito ba.

A wannan shekarar ce wasu matasa biyu a Abuja, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara shirin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi, wanda daga baya ya zama ginshiƙin ƙungiyar Connected Development. Sun je Bagega da kansu, suka ɗauko hotuna da bayanan iyaye, suka ƙaddamar da gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook. A ƙarshen 2012 ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta riga ta fitar da rahoto kan lamarin a farkon shekarar, ta haɗa hannu da matasa aka yi ta rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan tambaya ɗaya a shafinsa na Facebook: ina kuɗin Bagega? Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya shiga maganar. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin. Aikin tsabtacewa ya fara, a watan Afrilu kuma MSF ta soma yi wa yaran Bagega magani.

An sha bayar da wannan labari a matsayin nasarar kafofin sada zumunta, kuma wannan bayani ya yi gajarta. Yawan rubutu a intanet bai isa ya fitar da kobo daga baitulmali ba, in ba haka ba da matsalolin Najeriya sun ƙare tuni. Abin da ya bambanta Bagega shi ne cewa buƙatar tana da iyaka. Akwai adadi sananne, akwai alkawarin da aka yi a bainar jama'a, akwai ma'aikatu uku da aka raba wa kuɗin, na muhalli da na lafiya da na ma'adinai, akwai kuma shaida mai zaman kanta a wurin, wato MSF, wadda ba za a iya cewa 'yar adawa ce ba. Manoman Bakolori ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba su san jimillar diyyar da aka ware ba, ba su ga rajista ba, shaidunsu kuma sun iso ne bayan an binne gawawwaki. Sannan masu bin sawun kuɗin Bagega ba su tsaya a ranar da aka sanar da sakin kuɗi ba. Sun ci gaba da komawa ƙauyen suna tambayar kowace ma'aikata abin da ta yi da kasonta, wanda shi ne ɓangaren aikin da ba ya jan hankalin 'yan jarida, kuma shi ne wurin da kuɗin gwamnati ya saba ɓacewa.

Suna da kuma doka a hannu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayun 2011, ta wajabta wa ma'aikatar gwamnati amsa buƙatar bayani cikin kwana 7, ba tare da mai tambaya ya faɗi dalilinsa ba. Ita kanta dokar ɗiyar fararen hula ce. Ƙungiyar Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa ne suka fara tsara ta a 1993, a tsakiyar mulkin soja. Ta shiga majalisa a 1999, Obasanjo ya bar mulki a 2007 bai sa mata hannu ba, sai bayan shekara 18 da fara maganar ta zama doka. Da irin wannan doka ta wanzu a 1979, da wakilin manoman Maradun yana da hurumin neman a nuna masa jerin sunayen waɗanda aka biya. Ko da za a nuna masa, wannan wata magana ce daban.

Salon ya bazu. Da gubar dalma ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja a 2015, an bi irin wannan hanya har aka saki kuɗi. BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, ta fito da shirin Tracka don bibiyar ayyukan mazaɓu, CISLAC ta Auwal Musa Rafsanjani tana aiki a zauren majalisa, CITAD ta Kano tana koyar da matasa karanta kasafi. A ƙetaren iyaka ma haka ne. A Jamhuriyar Nijar, da binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo ɓacewar biliyoyin sefa a cinikin makamai, ƙungiyoyin fararen hula sun fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris na 2020. Mutane sun mutu, aka kama jagorori irin su Moussa Tchangari da Maikoul Zodi. A can ma an ga cewa gwamnati tana iya jure tambaya kan rijiya da aji, amma idan tambaya ta taɓa kuɗin tsaro sai fuska ta sauya.

A nan ne iyakar nasarar Bagega take. Gangamin daga Abuja aka tsara shi, da Turanci, kuma gwamnatin tarayya ya nufa, wadda ke jin kunyar idon duniya. Amma kuɗin da ya fi shafar rayuwar mutumin Bakura ko Maradun, na asibitin karkara da albashin malamin firamare da gyaran hanya, ta hannun jiha da ƙaramar hukuma yake bi. Shekara da shekaru gwamnatocin jihohi suna cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Kason ƙananan hukumomi kuwa asusun haɗin gwiwa da jiha yake faɗawa, wanda shi ne Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kansa ranar 11 ga Yulin 2024, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukunci abu ne, aiwatarwa wani abu ne. Ga kuma abin da kowa ya sani a garuruwan da manyan 'yan siyasa suka fito: wanda zai tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina kuɗi, sau da yawa surukinsa ne ko ɗan unguwarsu, ko kuma yayansa yana cin abinci a ƙarƙashinsa. Ɗan Abuja yana iya yin tambaya ya hau mota ya koma gida. Ɗan gari sai ya haɗu da wanda ya tambaya a sahun sallar Juma'a.

A Bakolori kanta an samu wani sabon tsari. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 don gyara manyan wuraren ban-ruwa na Arewa, ya haɗa da Bakolori, kuma ya ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa matsayi wajen tara kuɗin ruwa da kula da ƙananan magudanai. Jikokin waɗanda suka tare hanya a 1980 yanzu suna da kujera da littafin lissafi. Ƙarfin kujerar ya danganta ga ko manomi mai rabin hekta zai iya buɗe littafin, ko kuwa manyan masu gonaki ne suka gaje shi.

Sai kuma matsalar da ta danne sauran. Bin sawun kuɗi aikin ƙafa ne, sai an je an ga ko an gina ajin, ko akwai magani a kan kanta. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zamfara, zuwan ya zama kasada. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar, haramcin da ya kai har ƙarshen 2024, wanda bai hana haƙa ba, sai dai ya mayar da ita ɓoye, inda ba mai ƙirga abin da ke fita. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni saboda aikin soja, wato aka kashe ainihin makamin da ya ceci Bagega. MSF ta miƙa shirin gubar dalma ga hukumomin jiha a 2022. A watan Mayun wannan shekarar 'yan bindiga suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a ƙaramar hukumar Bakura, suka kashe aƙalla mutum 48 a yini ɗaya. A garuruwa da dama na yankin mutane suna biyan haraji biyu, na hukuma da na 'yan bindiga kafin a bar su su yi noma ko girbi, kuɗin tsaro da gwamnoni ke cirewa kowane wata kuwa, wanda domin hana irin wannan aka ware shi, yana cikin kuɗaɗen da ba a bayyana wa jama'a yadda aka kashe su.